Ɗanjuma na Dela

A ofishinmu na sashen Hausa na gidan rediyon da ke tsakiyar London, ni aka sani da Faransanci. Ba wai na fi sauran 'yan Nijar ɗin iyawa ba ne, nunawa dai na fi su. Ko gardamar farashin shinkafa ake yi, sai na san yadda na yi na jefa sunan wani marubucin Faransa a ciki. Ina da wani mayafin wuya ruwan toka da nake naɗawa har a lokacin zafi, saboda haka na ga marubuta suna yi a hotunan bayan littafi. Matata Humaira rawanin wuya take ce masa.

Don haka da editarmu, Hajiya Zarah, ta leƙo ta saman kwamfutarta wata safiya ta ce, "Malam Is'haq, ka san wani wai shi Fernand Escoubas?" sai da na ajiye kofin shayina a hankali, na jira kowa ya juyo, sannan na amsa.

"Hajiya, ni kike tambaya ko na san Escoubas?"

Na tsaya na yi musu lacca. Escoubas marubucin Faransa ne da ya shafe rayuwarsa yana rubuta labaran wani ɗan sanda mai suna Sufeto Cazalis, wanda ke farautar 'yan fasa-ƙwauri a tashar jiragen ruwan Marseille. An mayar da littattafan finafinai tun kafin a haife ni, finafinan suka zagaya duniya. Muna yara a Damagaram mun kalle su a sinimar da ba ta da rufi, muna zaune a kan benci muna ihu duk lokacin da Sufeto ya kunna sigari. Da na shiga jami'a a Yamai na karanta littattafan, na kuma tabbatar duk wanda ke ɗakinmu ya ga ina karanta su.

Hajiya Zarah ta bari na gama. Ta ce, "To madalla. 'Yarsa ce ta kira. Yana nan London a wajenta, a Woolwich. Za a nuna finafinansa a wani gidan sinima a bakin kogi, 'yan jarida sun dame shi da neman hira, ya ƙi kowa. Wai mu yake so."

"Mu? Sashen Faransanci dai?"

"Sashen Hausa ta ce. Sai da na sa ta maimaita."

Ban tsaya tunanin abin da zai haɗa tsohon Bafaranshe da sashen Hausa ba. Na riga na samo amsa a raina. Na taɓa gabatar da wani ɗan shiri a kan adabin Faransa, wanda a iya sanina ƙanena ne kaɗai ya saurara har ƙarshe. Na yanke cewa ta wata hanya labarin shirin ya kai kunnen Escoubas.

Kwanakin da suka biyo baya gidanmu bai huta ba. Na sake karanta littattafan, na tsara tambayoyi masu tsawon wa'azi, ina gwada su a gaban madubin banɗaki. Humaira takan buga ƙofa ta ce, "Malam, idan kun gama da baƙon naka ina son yin alwala." A ƙasan jakata kuma na saka abin da ban gaya wa kowa ba: littafina. Na daɗe ina rubuta shi da Faransanci. Labarin wani matashi ne mai zurfin tunani daga Damagaram, yana zaune a London, babu wanda ya fahimce shi.

Mu ma a Woolwich muke, don haka ko bas ban hau ba. Ashe shekara da shekaru ina wucewa ta ƙarƙashin ginin in zan je kasuwa sayen doya. Wata mace mai furfura a goshi ta buɗe mini ƙofa, ta ce ita ce 'yarsa, Damaris, ta kai ni falo. A kusa da taga, inda ake hango kogi, wani ɗan ƙaramin tsoho na zaune, kansa sanƙo, kunnuwansa manya, an rufe masa ƙafafu da bargo. Hannunsa na dama yana kwance a cinyarsa ba ya motsi sosai.

Na gyara mayafina, na ɗan rusuna, na fara jawabin da na haddace. Na kira shi babban malami. Na ce ni ɗa ne daga cikin 'ya'yan alƙalaminsa da ke warwatse a nahiyar Afirka. Faransancin da na yi a ranar, ko a majalisar dokokinsu ba na jin ana yin irinsa.

Tsohon yana ta kallona har na kai aya. Sannan ya karkata kai ya ce, da Hausa, Hausar Damagaram tsantsa:

"Ke 'yar nan, kin zo lahiya? Ɗiyar wa ce ke?"

Na waiwaya bayana. Babu kowa sai Damaris, ita kuma ta rufe baki da hannu.

"Da kai yake," in ji ta da Ingilishi. "Ka yi haƙuri. Wata nas ta gaya mini ma'anar, kowa haka yake ce masa. Likitansa ma namiji ne."

Na ce, "Lafiya lau, ranka ya daɗe. Sunana Is'haq. Daga Damagaram nake, unguwar Birni."

"Birni!" Ya buga hannunsa mai lafiya a kan kujera. "Oh ni Ɗanjuma! Zauna, zauna nan kusa. Tsamiyar nan ta bayan gidan lokotoro tana nan?"

Ban san wace tsamiya yake nufi ba, amma na ce tana nan. Na zauna, na kunna rakoda, takardun tambayoyina suna kan gwiwata. A hankali, rabi daga bakinsa, rabi daga bakin Damaris, labarin ya fito.

A Damagaram aka haife shi, zamanin mulkin Faransa. Ubansa likitan dabbobi ne, lokotoro a bakin mutanen gari, kullum yana daji wajen makiyaya. Uwarsa ba ta taɓa shiri da zafin garin ba, tana ɗaki an rufe tagogi, da jiƙaƙƙen tsumma a goshi. Wata mata mai suna Dela, wadda ke musu girki, ita ta goya shi. Ranar Juma'a aka haife shi, sai ta sa masa Ɗanjuma. A bayan gida ya girma, cikin mata masu daka da tankaɗe, tare da ɗiyar Dela, Talatu, sa'arsa. Duk Hausar da ya ji, mata ne ke yi wa mata. Bai taɓa lura cewa akwai wata hanyar da ake yi wa namiji magana ba, tun da shi kansa in an tara su da Talatu "ku" ake ce musu, in kuma ya yi ɓarna zagi ne kawai.

Yana da shekara goma aka ɗora shi a babbar mota zuwa Kano, daga nan sai Faransa, makarantar kwana. Yara suka yi ta yi masa dariya saboda yana cin abinci da hannu, yana kuma yin mafarki da wani harshe. Ya rufe bakinsa da Hausa, bai sake buɗewa ba. Ya girma ya zama akawu a tashar jiragen ruwa, yana rubuta labari a lokacin da babu jirgin da ya shigo. Ya yi aure, ya yi suna, matarsa ta rasu, ya tsufa. Ko a littafi ɗaya bai taɓa ambaton Nijar ba. Damaris kanta abin da ta sani shi ne an haifi babanta "a Afirka".

Sai bara ciwon shanyewar jiki ya same shi. Da ya farfaɗo a asibiti yana ta magana, babu mai gane abin da yake faɗa. Likitoci suka ce ƙwaƙwalwa ce ta taɓu, surutai ne marasa ma'ana. Ana cikin haka wata nas mai suna Tabitha, 'yar Kafanchan, ta shigo canja masa ruwa, ta tsaya cak. Ta ce wa Damaris, "Madam, babanki ruwan sha yake nema. Kuma yanzun nan ya ce mini mai kan ƙwarya."

Faransancin ya dawo daga baya, amma da nauyi, kamar yana ɗauko kowace kalma daga saman kanta. Hausar kuwa zuba take yi. Tabitha ce ta nuna wa Damaris tasharmu a waya, yake saurare kowace rana. Na tambaya a hankali, ina gyara zama, ko akwai shirin da ya fi so. Damaris ta ce labarin kasuwar dabbobi.

Duk da haka ban saduda ba. Na ɗauko tambayata ta farko, wadda ta shafi matsayin teku a matsayin madubin kaɗaicin ɗan Adam a cikin ayyukansa. Na fara karantawa da Faransanci. Ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Bari wannan, 'yar nan. Na gaji da shi. A garin nan ana samun hura?"

Da yamma na koma gida na gaya wa Humaira cewa babban marubucin Faransa yana son fura. Ta yi dariya har sai da ta zauna a ƙasa. Amma washegari ita ta tura ni Peckham, na bi shagunan Rye Lane ɗaya bayan ɗaya har na samo gero. Ta yi fura, ta dama da yogot, ta zuba a kwano mai murfi. Na ɗauka na bi titi da ita, da mayafina a wuya.

Ya sha da ludayin miya, yana zubowa a haɓarsa, Damaris na gogewa. Ya ce ba ta kai ta Dela ba, amma Allah ya yi wa mai damawa albarka. A ranar ce ya yi mini maganar finafinan, ba tare da na tambaya ba.

"Sufeton nan nawa," ya ce, "gajere ne. Ƙato, mai tumbi, ciwon ciki gare shi. Ba ya shan taba, likita ya hana. Na yi shi kamar wani maigidana na tasha. Sai masu sinima suka zo, suka kawo wani dogo, kyakkyawa, gashi kamar an shafa man shanu. Mata suka haukace. Littafi na gaba, mai buga littafi ya ce mini, ina tumbin nan? Cire shi. Ba shi taba. Ba shi budurwa. Na cire, na ba shi." Ya lashe ludayin. "Daga nan na zama tela. Shi yana da jiki, ni ina ɗinka masa riga."

Na ce ai duniya ta san shi ne ya ƙirƙiri Cazalis.

"Yo duniya! A bayan littafina hoton wa ke akwai? Ki duba."

Na duba kantar da ke bayansa. Kowane bango fuskar ɗan wasan nan ce, da sigari a baki. Na tuna cewa ni ma, duk shekarun da na yi ina karanta shi, wannan fuskar nake gani a raina, har lokacin da na shigo falon nan ina neman dogon mutum.

Ranar nuna fim ya ce lallai sai na raka su. Muka hau jirgin ƙasa zuwa Charing Cross, muka tsallaka gada a ƙafa, ni ke tura kekensa. A ƙofar gidan sinimar an kafa hoton ɗan wasan, wanda ya daɗe da mutuwa, tsawonsa ya kai bene. Sunan Escoubas na can ƙasa, sai ka sunkuya. Ya ɗaga kai ya kalli hoton, ya ce, "Sannu, maigida."

Zauren ya cika maƙil. Aka kashe fitila aka fara. Ni na zauna kusa da shi, shi kuwa bai bar ni na kalli komai ba. Kowane minti sai ya taɓo ni.

"Ƙarya ne. Ban rubuta haka ba."

Can kuma, "Wannan matar daga ina ta fito? Ban san ta ba."

Da Sufeto ya yi tsalle daga gada ya faɗa kan jirgin ruwa, mutane suka tafa. Ya ce, "Nawa da ya karye." Amma wajen ƙarshe, inda Sufeton ke zaune shi kaɗai a bakin teku yana cin burodi, ya daina taɓo ni. Na saci kallonsa, na ga leɓɓansa suna bin maganar ɗan wasan kalma bayan kalma. Wannan wurin nasa ne, ba a taɓa shi ba.

Aka kunna fitila, aka hau da shi dandamali. Wani farfesa mai jan wando ya yi dogon bayani a kan daraktan fim ɗin da yadda yake sarrafa haske. Sannan aka ba jama'a dama. Mutum na farko ya tambayi yaya ya ji ranar da ya fara haɗuwa da ɗan wasan. Ta biyu ta tambayi ko gaskiya ne ɗan wasan ba ya son kifi. Escoubas ya amsa da gajeren Faransanci, Damaris na fassarawa. Raina ya ɓaci. Na ce a zuciyata, a duk zauren nan babu wanda ya san darajar mutumin nan sai ni. Na ɗaga hannu.

Aka miƙo mini makirufo. Na tashi, na jefa gefen mayafina ta bayan kafaɗa, na ɗauko maganar teku da kaɗaicin ɗan Adam daga farko. Wannan karon babu mai tare ni. Na bi ta tarihin adabi, na ratsa ta mulkin mallaka, na dawo. Na ga wasu sun fara duba wayoyinsu. Farfesan ya matso da bakinsa ga makirufo ya ce cikin ladabin Turawan Ingila, ko akwai tambaya a ciki? Na ce ina zuwa gare ta.

Sai muryar tsohon ta cika zauren ta lasifika.

"Ke Is'haq, zauna haka nan. Kin cika surutu."

Turawan zauren babu wanda ya gane. Sai daga can baya wasu mutum biyu suka fashe da dariya, irin dariyar da ba ta da birki. Daga baya na ji ɗalibai ne daga Katsina. Farfesan ya ce, cike da sha'awa, ko zan taimaka in fassara wa jama'a abin da babban marubucin ya faɗa?

Na ce, "Ya ce tambayar ta yi zurfin da ba za a iya amsa ta a taƙaice ba."

Aka tafa mini. Mutanen bayan nan kuwa sai da ɗayansu ya fita waje.

A hanyar komawa, a cikin jirgi, na ga babu sauran mutuncin da zan tsare, sai na ciro littafina na ɗora masa a cinya. Ya auna nauyinsa da hannu ɗaya ya ce Damaris za ta karanta masa. Da na koma bayan mako guda, na tarar da shi a kan tebur, an ɗora masa kofi.

"Mun karanta da yawa," ya ce. "Kin iya Faransanci, ya fi nawa. Amma yaron nan na ciki, ba ya cin abinci ne? Ba shi da uwa? Ba shi da aboki? Tun da muka fara yana tsaye a taga yana kallon ruwan sama."

Na ce ai ruwan saman alama ce ta halin da ransa ke ciki.

"To. Ki sa a kashe wani."

"Ranka ya daɗe?"

"A kashe wani. Maƙwabci, ko mai gidan haya. Sai yaron ya bar taga."

Na ɗauki littafina na mayar jaka. A hanya na yi ta ba kaina haƙuri da cewa mutumin marubucin 'yan sanda ne, ba zai gane irin nawa ba. Da na gaya wa Humaira, ta ce ita ma ta taɓa leƙa shafukan farko, kuma da za a tambaye ta, yaron za a fara kashewa.

Hirar ta fita ranar Lahadi. Hajiya Zarah ce ta yi editing da kanta. Ta cire duk tambayoyina, ta bar muryar tsohon kawai yana ba da labarin Dela da tsamiya da babbar motar Kano, yana cewa "'yar nan" a kowace gaɓa. Abin da ya rage nawa a cikin shirin shi ne "na'am" da "ikon Allah". Ban taɓa yin shirin da ya samu karɓuwa kamarsa ba. Kafin Litinin, daga mai gadi har shugaban sashe, babu mai kirana Is'haq. Ina shiga ofis sai in ji, "'Yar nan, kin zo lahiya?"

Ana cikin wannan sai wani ya kira ofis daga Damagaram, ya nemi a haɗa shi da ni. Ya ce sunansa Nuruddeen, malamin makaranta ne. Ya ce suna zaune a tsakar gida da tsohuwarsa rediyo na yi, sai ta ajiye carbinta ta ce, "Wannan ai Ɗanjuma ne, mai tsoron talo-talo." Sunan tsohuwar Talatu. Dela kakarsa ce.

Muka sa rana. Na je gidan Damaris da hantsi. Ta sa wa babanta farar riga, ta taje masa 'yan gashin da suka rage a gefen kunne. Tun da na san shi ban taɓa ganin yana ɗoki haka ba sai ranar. Na kira lambar Nuruddeen ta bidiyo. Hoton ya yi ta yankewa, muka ga sama, muka ga katangar laka, muka ga akuya, sannan fuskar wata tsohuwa ta cika wayar, ta matso da ido har ba a ganin komai sai goshinta.

Tebur ya yi masa ƙasa, hannunsa kuma ba ya iya riƙewa, don haka ni na durƙusa a gabansa na riƙe wayar daidai fuskarsa.

Suka daɗe suna kallon juna.

"Ɗanjuma," in ji ta. "Ina gashinka?"

"Talatu. Ina haƙoranki?"

Suka yi dariya, ita tana tafa hannu, shi yana tari. Ta tuna masa ranar da talo-talon kumandan, Baturen mulkin garin, ya bi shi har cikin rumbu. Ya tuna mata ranar da ta tura shi cikin kwatami. Suka lissafa matan bayan gida ɗaya bayan ɗaya, kowacce Talatu ta ce ta rasu, shi kuma ya ce Allah sarki. Sai ya matso da fuskarsa kusa da wayar.

"Inna fa?"

"Inna ta daɗe. Tun shekarar babbar yunwa."

"Ban yi mata sallama ba, Talatu. Da asuba aka ɗauke ni, ina barci. Na farka muna hanya. Ta yi hushi da ni?"

"Hushi? Ta bi motarku da gudu har bayan gari, zanenta na faɗuwa. Ni na ɗauko mata shi." Tsohuwar ta goge ido da gefen mayafi. "Har ta tsufa, in ta sauke tukunya sai ta ce, ko Ɗanjuma yana samun abinci a garin nasu? An ce ba su da gero."

Tsohon ya rufe fuska da hannunsa mai lafiya. Kafaɗunsa suna girgiza. Damaris, wadda ba ta gane ko kalma ɗaya ba, ta durƙusa ta rungume shi tana kuka ita ma. Ni kuma hannayena sun fara sagewa, gwiwoyina suna zogi, hawaye na gangarowa cikin mayafina, ba ni da hannun gogewa.

Talatu ce ta katse. "To ya isa. Kai me ka zama a duniya? Lokotoro kamar babanka?"

"A'a. Labaru nake rubutawa."

"Labarun gaske?"

"Na ƙarya."

"Yo dama. Tun kana yaro maƙaryaci ne kai."

Na kasa haƙuri. Na leƙo da kaina gefen wayar na ce, "Hajiya, ai babban marubuci ne. An yi finafinai da littattafansa, duniya duk ta kalla."

"Wane ne wannan kuma?"

Escoubas ya ce, "Ita ce ta haɗa mu. Is'haq. Yarinyar kirki ce."

Tsohuwar ta sake matso da ido. "Ɗanjuma, wannan mai gemun kake ce wa yarinya? Namiji kai ake ce masa. Kai. Shekara nawa ba wanda ya gaya maka?"

Ya juyo ya dube ni, kunnuwansa sun yi ja. "Haka ne?"

Na ce haka ne, ranka ya daɗe.

"To me ya sa ba ki... ba ka faɗa ba?"

Na gyara riƙon wayar. Daga ranar ya yi ƙoƙari ya gyara, yana cewa "kai" da ƙyar kamar mai taka ƙaya, ni kuma, abin mamaki, sai na ji kamar an ɗan matsar da ni nesa.

Kiran ya zama na kowace Asabar. Damaris ta sayo wani ɗan ƙarfe na jingina waya, na samu sauƙin gwiwa, amma ban daina zuwa ba, don wani lokaci kalma takan ɓace masa sai in miƙa masa. Ya fara cewa zai rubuta littafi ɗaya na ƙarshe, a kan bayan gidan nan, ba ɗan sanda, ba gawa. Yakan faɗa, ni ina bugawa a kwamfuta. Ba mu yi nisa ba. Yawanci yana kaiwa ƙofar madafa sai ya tsaya yana bayanin ƙanshin daddawa, daga nan barci ya ɗauke shi.

Da sanyi ya shigo jikinsa ya ƙi. Ya rasu a gadonsa wata safiyar Talata, Damaris na riƙe da hannunsa. Aka kai shi wani ƙauye kusa da Marseille aka binne shi gefen matarsa. Na so zuwa, har na yi booking ɗin jirgi, amma ban samu appointment ɗin biza ba sai bayan an gama komai.

Ni na kira Damagaram in sanar. Nuruddeen ya miƙa wa tsohuwar waya. Ta yi salati, sannan ta ce, "To, Is'haq, sai haƙuri. Ku ne danginsa a can. Ya muka ji da wannan rashi?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin cewa ni ɗan jarida ne kawai da aka tura aiki, sai na ji na ce, "Haƙuri sai ma'aiki, Hajiya. Mun gode."

Ban san wanda ya yaɗa maganar ba, amma ranar Asabar da la'asar aka buga ƙofar flat ɗinmu. Hajiya Zarah ce da mutanen ofis, har da mai karanta labarin kasuwar dabbobi, sai kuma Tabitha da kwanon cincin. Humaira ta ture kujeru ta shimfiɗa darduma. Na zauna a ƙasa na jingina da bango, suna shigowa ɗaya bayan ɗaya suna yi mini ta'aziyya, ina amsawa.